Baba Tamimu da Makauniyar da Ta Ƙi Hannun Kowa

Shekara ashirin da shida ke nan, da zarar liman ya yi sallama a sallar asuba a masallacinmu na unguwar Concourse Village da ke Bronx, mutum na farko da ke tashi daga sahu shi ne Baba Tamimu. Ba ya tsayawa hira, ba ya jiran shayin da ake zubawa a bakin ƙofa. Zai ja hular sanyi ya rufe kunnuwa, ya ɓare goro ya jefa rabi a baki, ya gangara ƙarƙashin ƙasa ya hau jirgin ƙasa mai lamba D. Jirgin nan zai ɗauke shi daga Bronx, ya ratsa Manhattan, ya cinye Brooklyn kaf, har inda dogo ya ƙare teku ta fara. A can akwai wani gida da ake ajiye dabbobin ruwa, mutane su zo da 'ya'yansu su yi kallo. Nan ne wurin aikinsa.

Kafin ɗan kallo na farko ya iso, Baba ya riga ya ci rabin aikin yini. Zai fito da kifi daga ɗakin ƙanƙara ya narkar da shi a ruwan sanyi, ya duba shi ɗaya bayan ɗaya, wanda cikinsa ya fashe ya jefar, wanda idonsa ya dushe ya jefar. Ya auna wa kowace dabba rabonta, ya cusa ƙwaya a cikin kifin wadda take shan magani. Daga nan sai ya ɗauki buroshi da tiyo ya hau wanke kashi da gansakuka a kan duwatsu. A watan Janairu, lokacin da iskar teku ke yanka fuska mu kuma muna cikin mota da na'urar ɗumama wuri, shi hannunsa yana cikin ruwa har gwiwar hannu.

Ni mai wannan rubutu sunana Sanusi, mutumin Kano, direba ne a wani ofishin jakadanci. Gara in faɗi laifina tun da wuri. Na yi shekaru ban san komai daga aikin Baba Tamimu ba sai ƙarni. Ƙarnin kifi ya kama fatarsa yadda ba sabulun da ke iya fitar da shi, in ya dawo magariba ya shigo sahu, za ka ga mutum ya ɗan gyara tsayuwa kamar yana neman daidaita ƙafa. Ni ne na laƙaba masa Sarkin Ƙarni, don ina da bakin da ba ya iya shiru, sunan kuwa ya bi shi har unguwar Soundview. Ya ji, bai taɓa ɓata rai ba. Sau ɗaya dai ya dube ni ya ce, "Malam Sanusi, sarauta ai sarauta ne, ko na ƙarni ne." Muka yi dariya. Yau in na tuna dariyar nan kunya nake ji.

A cikinmu akwai masu tasi, akwai masu kanti, akwai masu jinyar tsofaffi a gidaje, kuma duk muna ganin aikinmu aikin mutane ne. Abin da muka kasa ganewa shi ne mutum ya baro Zangon Kumasi, ya tsallako teku, don ya zo ya yi wa dabba bauta. Ba mu san cewa mahaifinsa mai kora shanu ne zuwa kasuwa ba, kuma tun yana ƙarami aka koya masa ba ya cin tuwo sai dabba ta ci. Da shara ya fara a gidan. Ya yi shekara biyar yana share bayan 'yan kallo, yana leƙen masu kula da dabbobi, yana zuwa makarantar yamma, har aka miƙa masa bokiti.

Sauran labarin daga bakin Ama na ji shi. Ita abokiyar aikinsa ce, Ba'asanta, shekararta goma sha huɗu a gidan, kuma tana jin Hausar Zango don a gefen Zango ta tashi. Ta ce shekarar da guguwa ta turo teku cikin gari, ruwa ya cika ɗakunan injina wuta ta ɗauke, Baba ya yi kwana huɗu bai koma gida ba. Yana ɗiban kifaye da bokiti daga tankin da ya mutu zuwa wanda ke da sauran numfashi, ƙafafunsa suka kumbura har sai da aka yanka takalmin roba kafin a cire masa. Ta ce lokacin korona, da aka rufe ƙofa ba ɗan kallo ko ɗaya, kullum yana hawa jirgin nan shi kaɗai a tarago. Ya taɓa ce mata, "Dabba bai san lokdawun ba. Cikinshi kawai ya sani."

Amma ba don guguwa ko korona na ɗauki alƙalami ba. Don Magajiya na ɗauka.

Ana ce wa irinta zakin teku, ko da yake wanda ya raɗa sunan ina jin bai taɓa ganin zaki ba. Kanta kamar na kare, da gashin baki masu tauri, jikinta kamar salkar da aka cika, ba ƙafafu sai filafilai. A tudu da ƙyar take jan jiki, a ruwa kuwa ido ba ya iya bin ta. Kukanta haushi ne mai ƙarfi da ake ji daga nesa. Tana da sunan Turanci a takarda, amma Baba Magajiya yake ce mata, don ita ce babba a cikin matan. Shekara bakwai da suka wuce yanar ido ta rufe mata idanu biyun. Ta tsorata, ta maƙale a lungu ɗaya, ta ƙi cin komai. Su kuma waɗannan dabbobi ba sa shan ruwa kamar akuya, daga kifin da suka ci suke samun ruwan jikinsu. Wadda ta daina ci, ƙishirwa ce za ta riga yunwa kashe ta.

Baba ya zauna kusa da ita a kan dutse mai sanyi yini uku. Ya ƙirƙiro mata hanyar da za su gane juna ba da ido ba. Zai ƙwanƙwasa bokiti sau biyu, ya dunƙule hannu ya miƙa, ita kuma ta lalubo ta ɗora gashin bakinta a kai. In ya taɓa kafaɗarta ta hagu sai ta kwanta, in ya taɓa haɓarta sai ta buɗe baki a duba haƙora, in ya shafa goshinta sai ta ɗaga kai a ɗiga mata maganin ido. Ran na huɗu ta karɓi kifi. Duk gidan aka yi murna, aka ce Tamimu ya yi abin da ba wanda ya iya.

To, a nan kuskuren ya shigo. Aikin yana da doka, kuma Baba ya fi kowa saninta: kada dabba ta san hannu ɗaya. Dole mutum uku ko huɗu su riƙa karɓa-karɓa wajen ciyar da ita, saboda mutum yana ciwo, yana tafiya, yana mutuwa. Bayan Magajiya ta warware aka fara turo wasu. Sai ta shinshina hannun baƙo ta kau da kai. Abin da ya kamata shi ne a bar ta da yunwarta yini ɗaya ko biyu har ta saduda. Baba ba ya iya kallon haka. Yana tsaye a gefe sai ya ce, "Kawo, kawo nan," ya karɓe bokitin. Ranar hutunsa ma sai ya hau jirgi ya je, ya ciyar da ita, ya dawo. Shugabanni suka yi magana, suka gaji, ganin dabba tana ƙiba suka kau da kai.

Kuskurenka ne, Baba, ba zan ɓoye ba don ina yabon ka. Amma irin kuskuren mutanenmu ne. An raine mu a kan cewa abin da aka ba ka amana ba ka miƙa wa wani, kuma makaho ba ya jin yunwa kana tsaye da abinci a hannu. Kai ne mutumin da tausayi ya fi ƙarfinsa, har ya ɗaure abin da yake tausayi da igiyar da shi ma ta ɗaure shi. Sabo turken wawa, in ji masu magana, sai dai ni ban ga wawa a nan ba, turken kawai na gani.

Turken kuwa ya riƙe shi. Sau biyu matarsa Zuweira tana shirya musu aikin Hajji yana janyewa, har ta gaji ta tafi da ƙaninta. Shi ya sa ita Hajiya ce, shi har yau Baba. Yayansa ya rasu a Kumasi, ta waya ya yi ta'aziyya. Hajiya Zuweira ta ce da ni, da irin Hausarsu da ba ruwanta da mace ko namiji, "Shekara bakwai koraa, ko sau ɗaya bai kwana wani gari ba. Na ce mishi, Baban Shamima, dabban nan ba zai kai ka Aljanna a bayanshi ba. Sai ya ce, wa ya sani?"

Sanyin bara ne ya kawo ƙarshen abin. Ruwan ƙanƙara na shekara da shekaru ya riga ya lanƙwashe masa yatsu, sai kuma ya zame a kan dutse da bokiti a hannu, ƙugu ya tsage. Likita ya ce sai an yi aiki, kuma bayan aikin ba shi ba hawa jiƙaƙƙen dutse har abada. Aka sa ranar ritayarsa ƙarshen watan Afrilu. Likitar dabbobin gidan ta zaunar da shi ta gaya masa gaskiya ba kwana-kwana. Magajiya ta kai shekara ashirin da takwas, ta tsufa ƙwarai. Ba za su danne makauniyar tsohuwa kullum su ɗura mata abinci ta roba ba, wannan azaba ce. In ya tafi ta yi kwana bakwai ba ta ci ba, ƙodarta za ta lalace, za su yi mata allurar da ba a farkawa.

Mako shida suka yi shi da Ama suna neman dabara. Ya tsaya yana ɗingishi ya koya mata ƙwanƙwasar bokiti, da dunƙule hannu, da taɓa kafaɗa. Suka gwada hannunsa a hancin dabbar, kifi daga hannun Ama. Ta tofar. Ama ta sa rigar aikinsa. A banza. Har suka yi zaton warin goro take bi, Ama da ba ta taɓa sa goro a baki ba ta tauna guda biyu tana yamutsa fuska, ta hura wa Magajiya numfashi. Magajiya ta shinshina, ta ɗaga kai, ta juya makafin idanunta daidai kusurwar da Baba ya raɓe yana riƙe da numfashi. Ta yi haushi sau ɗaya, ta jira.

Shi da kansa ya yanke hukuncin. Ya ce da likitar, "Dokta, ni ne firoblem. In yana jin warina ba zai ci hannun kowa ba. Bari in tafi tun yanzu, tun yana da ƙiba a jiki." Ranar Lahadi ya ciyar da ita kamar kullum, ya ɗiga mata magani, ya wanke bokiti ya kife. Bai yi mata sallama ba, bai ƙara ko shafa ɗaya a kan na kullum ba, don kada ta ji wani abu ya canza. Litinin bai shiga ba.

Ranar Juma'a Hajiya Zuweira ta tare ni a bakin masallaci. "Malam Sanusi, don Allah ka bi Babanku. Ya ce ya bar aiki, amma kullum yana hawa tiren, jirgin nan nashi. Abinci ba ya ci, goro ma ya bari." Asabar da safe na bi shi, kwana na shida ke nan Magajiya ba ta sa komai a baki ba.

Ba cikin gidan yake shiga ba. A bayan katangar akwai doguwar hanyar katako da ta bi bakin teku, da bencina jefi-jefi. Ya tsaya ya dubi wata tuta ya ga inda iska ta nufa, sannan ya zaɓi bencin da iska za ta kwashe warinsa ta yi nesa da gidan. Ashe goron ma don haka ya bari. Gari ya yi toka-toka, teku ta yi toka-toka, ba kowa sai masu gudun motsa jiki. Muna zama ya ciro katin da ke buɗe ƙofar ma'aikata, wanda bai daina aiki ba sai ƙarshen wata, ya danƙa mini.

"Riƙe wannan. Ko na haɗa ka da Allah kar ka ba ni."

Ƙarfe goma daidai aka fara haushi a bayan katanga. Ni duk haushinsu ɗaya nake ji, amma shi ya runtse ido. "Shi ne," in ji shi. "Lokacin abincinshi ne. Jiya muryan ya fi haka ƙarfi." Ta yi ta kira. Ta huta, ta sake. Na taɓa zama da mai jinya a asibiti, na taɓa zaman makoki, amma ban taɓa zama kusa da mutumin da ake kira yana ji, ƙofa tana gabansa, yana danne ƙafafunsa da hannu don kada su tashi ba.

Wajen sha biyu muryar ta dushe, ta koma kamar tarin tsoho. Baba ya juyo.

"Malam Sanusi, ba ni kati."

"Baba, kai ka ce kada in ba ka."

"Kifi biyu kawai. Biyu, in fito. Gobe kwana bakwai, za su kashe shi. Na haɗa ka da Allah."

Jama'a, an haɗa ni da Allah, kuma dattijo ne da ya isa ya haife ni. Hannuna ya shiga aljihu ya taɓa katin. Na san in ya shiga yau za ta ci, za ta yi murna, sannan ranar da aka kwantar da shi a asibiti a koma farko, ba sauran ƙiba a jikinta. Na san kuma in na hana shi ta mutu gobe, ni ne na hana shi ganinta. Na ce, "Baba, ka yafe mini, ba zan ba ka ba." Ya zage ni. Mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba ya ce ni mugu ne, ɗan Kano mara imani, wanda bai san komai ba sai tuƙa manya da surutu. Na sunkuyar da kai na karɓa, don akwai gaskiya a rabin maganar. Da ya gama sai ya rufe fuska da hularsa. Ba mutuwa ake yi wa kuka ba, sabo ake yi wa, ran nan na ga haka da idona.

Muka yi azahar a kan katakon nan, shi a zaune. Muna sallamewa na lura haushin ya tsaya. Shiru. Ba mu san ko ta ci ba ne, ko ƙarfin kiran ne ya ƙare. Mun fi awa ɗaya a haka.

Sai ga Ama ta fito ta ƙofar ma'aikata da takalmin roba, ta miƙo kai tsaye inda muke. Ashe tun Litinin ta san yana nan. Ta tsaya nesa kaɗan don kada warinsa ya kama rigarta, ta ɗaga yatsu uku.

"Wofa," ta ce, wato kawu da yarensu, "ya ci. Uku. Ya sa gemunshi a hannuna da kanshi."

Baba ya ce alhamdu lillahi sau uku. Ya dafa benci zai miƙe. Ama ta girgiza kai, ita ma hawaye ya cika mata ido. "Wofa, dokta ya ce ba yau ba, ba gobe ba. Ko cikin 'yan kallo kar ka tsaya. In ya ji warinka sau ɗaya, mun koma baya." Ya tambaye ta har yaushe. Dabba mai shekara ashirin da takwas ba ta da wani yaushe. Ya koma ya zauna, ya ce in ba Ama katin ta mayar ofis.

An yi masa aikin ƙugu, yanzu da sanda yake zuwa masallaci, kuma shi ne na ƙarshe da ke tashi daga sahu. Magajiya tana raye. Hannu huɗu ke ciyar da ita. Tun ranar Lahadin nan bai sake sa ta a ido ba, ko hotonta da Ama ta so turo masa ya ce ta bari.

Ku da kuke karanta wannan, ku dubi kanku. A cikinmu akwai mai riƙe da mabuɗin masallaci shekara ashirin bai nuna wa kowa inda ake kunna wuta ba. Akwai mai jinyar tsohuwar da ba ta karɓar cokali sai daga hannunta, tana jin daɗin ana cewa ba a iya yi sai da ita. Akwai uban da 'ya'yansa ba su san hanyar garinsu ba sai ya riƙe musu hannu. Ku yi koyi da Baba Tamimu wajen riƙon amana, amma ku fi koyi da shi a zaman bencin nan. Ku koya wa wani hannu tun kuna da ƙafar tsayawa, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ba ya daɗewa.

Kai kuma Baba, na gode, mun gode. Kai ne ɗan Zango da ya ciyar da abin da ba zai taɓa ce masa sannu ba. Kai ne ka gane laifinka da kanka, ka biya shi da abin da ka fi so. Ka yafe mini sunan da na sa maka, ka yafe mini katin da na hana ka. Allah ya ba ka lafiyar ƙugu, ya kai ka Makka da ƙafarka, ya sa wahalar nan a mizani.

Makon jiya na tambayi Ama ko har yanzu Magajiya tana kira da ƙarfe goma. Ta ce ta daina tun watan Yuni. Na yi kwana biyu ina juya maganar kafin in kai maka, da na faɗa kuma sai ka ce, "To, aiki ya yi kyau." Haka ne, Baba, ya yi kyau. Ta manta da kai. Kai ka sa ta manta, shi ya sa take raye.